Daga sakorar Aboabo zuwa ciyawar bayan gari

Filin Baba Yara da ke Kumasi ba na ƙungiyar Kotoko ba ne. Na gwamnati ne, Hukumar Wasanni ta Ƙasa ke riƙe da makullinsa, Kotoko kuwa zuwa take yi ta buga wasanta ta tafi, kamar yadda King Faisal ta riƙa yi shekara da shekaru. Kamfanin UAC ne ya gina shi, aka buɗe shi a 1959, aka yi masa gagarumin gyara saboda gasar cin kofin Afirka ta 2008, yanzu yana cin mutum dubu 40 da 'yan kai. Sunan da ke jikinsa na Usman Seidu ne, wato Baba Yara, ɗan wasan gefe na Kotoko da Black Stars, ƙungiyar ƙasar Ghana, wanda haɗarin mota ya kwantar a 1963, ya rasu a 1969. A nan muka zuba wa Masar 6 da 1 a 2013, a nan muka tashi babu ci da Najeriya a 2022, a nan kuma Angola ta zo ta doke mu a Satumban 2024, har hukumar ƙwallon Afirka ta ce ba a ƙara wasan ƙasa da ƙasa a kan ciyawar sai an gyara.

Wannan duk ɗan Zango ya haddace shi, ko teburin mai shayi ka tsaya za a karanta maka. Abin da ba mu cika leƙawa ba shi ne inda ƙungiya take zaune da gaske, can bayan gari. Kotoko tana da Adako Jachie ta wajen Ejisu, Hearts of Oak tana da Pobiman a gefen Akra. A can ake zufar mako, filin birni na ranar wasa ne kawai. Bayan filin tirenin kuma akwai wuri na uku, inda ake ajiye yara ana koya musu ƙwallo da boko. Shi wannan ban san komai a kansa ba sai da ɗan ƙanwata ya ja ni.

Ni ɗan Magazin ne, unguwar makanikai da ke Suame, kayan gyaran mota nake sayarwa a can. Ƙanwata tana sayar da wake da shinkafa a Aboabo, mijinta direban tirela ne, daga Tema zuwa Wagadugu da Yamai, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Saboda haka duk abin da ya shafi takarda a gidan nan, kaina yake faɗowa. Yaron yana buga wa wata ƙungiyar kolts, wato ta ƙananan yara, a unguwa tun yana ƙarami, a kan sakora, filin da ba ciyawa ko ɗaya sai jar ƙasa da tsakuwa. Kocinsu tela ne. Da kuɗin ɗinki yake sayen ƙwallo da ruwan leda, in za a je wasa wata unguwa shi ke roƙon direban torotoro, motar haya, ya rage. Irin waɗannan mutane su ne suka riƙe ƙwallon ƙasar nan. Sammy Kuffour da Ibrahim Tanko ta hannun Alhaji Grusah suka bi a King Faisal kafin a ji su a Bayern da Dortmund, Mohammed Kudus ma a Strong Tower ta Nima aka fara ganinsa.

A wata gasar hutu da aka yi tsakanin unguwanni, wani mai farautar 'yan wasa daga wata ƙungiya ta ƙwararru ya karɓi lambar Koc. Bayan 'yan kwanaki sai ga takardar gayyata ta WhatsApp: yara biyu, namu da abokinsa mai buga gaba, su zo gwajin da ake kira jostifai na 'yan ƙasa da shekara 15. A zo da takardar haihuwa, da katin inshorar lafiya, da shaidar makaranta, da takalmi. Ƙanwata ta aiko a kira ni. Tana zuba wa mutane abinci take cewa, "Yaya, kai za ka tsaya masa. Ni ban san kan abin nan ba, ubansa kuma yana hanya."

Kafin in taɓa ko takarda ɗaya, mai ba da shawara ya riga ya iso. Akwai wani mutum da ba ya rabuwa da bakin filin, kullum da waya biyu a hannu da turare mai ƙarfi. Ya same ni wajen mai shayi bayan isha'i, ya ja benci ya zauna, ya biya mini ƙwai ba tare da na tambaya ba.

"Masta, shekarun gida daban, shekarun ƙwallo daban. Yaron nan 14 gare shi, ko? A sare masa biyu. In ya shiga a 12, shekara biyu zai yi yana wasa da ƙannensa, kowa zai ce aljani ne. Ina da mai yin takardar, kwana uku ta fito."

Maganar tana da nauyi, don kuwa haka ake yi, kowa ya sani. Yaron da ya tafi da shekarunsa na gaskiya sau da yawa da yayyensa yake kokawa. Na kai wa uwar maganar kamar yadda aka kawo mini. Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Yaya, ranar da Ghana ta ci Amurka na haife shi. Ranar sunansa ka manta? Maza suna tsakar gida ana raba goro, ba mai maganar jariri, kowa Suarez da Gyan. Wa zan gaya wa 2012 a unguwar nan?" Gaskiyarta. An haife shi 26 ga Yuni 2010, aka raɗa suna ranar Asabar da ta biyo baya, washegarin daren da Uruguay ta fitar da mu a Afirka ta Kudu. Liman da kansa sai da ya yi maganar fenariti kafin ya shafa fatiha. Aboabo kaf shaida ce.

Ko ba don wannan ba, lissafin mai waya biyu na zamanin da ne. Shekarun yaro yanzu suna rubuce a wurare da yawa: katin awo na asibiti, katin inshora, rajistar makaranta, sannan sunansa zai shiga jarrabawar gama ƙaramar sakandare, wato BECE. In ka gyara ɗaya, ukun za su tona ka. Ga kuma hoton wuyan hannu na MRI da FIFA ta fara amfani da shi a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009 a Najeriya. Ƙashin wuyan hannu yana da gaɓar girma da ke haɗewa in yaro ya gama tsawo, likitoci sun kasa ta mataki shida, wanda ya kai na shida ba ya buga gasar. Gab da wata gasa ta farkon 2023 Kamaru ta gwada yara 30, 21 suka faɗi. Ka sare wa yaro biyu yau, ranar da ƙasa ta kira shi, ranar da ya kamata a yi murna, ita ce ranar da za a kunyata shi.

Wahalar da na sha a wani wuri ta fito. Ranar haihuwa iri ɗaya ce a duk takardun, amma sunan uban an rubuta shi iri uku. Wanda ya cika katin asibiti ya rubuta yadda ya ji, malamin firamare ya rubuta yadda ya saba, a takardar haihuwa kuma an haɗe suna biyu wuri ɗaya. Wannan ciwon 'yan Zango ne gaba ɗaya, sunayenmu kowa da yadda yake juya su da haruffan boko. Koc ya ce in ban daidaita ba, kwamfutar rajista za ta ɗauke shi mutum biyu. Sai da na nemi uban a waya yana kan iyakar Paga, ya turo hoton katinsa na ɗan ƙasa, na je na yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, na koma makaranta hedimasta ya sa hannu ya buga hatimi. Na yi kwafin komai kashi biyu, ɗaya a shago, ɗaya a ƙasan akwatin uwar.

Ana saura mako, Koc ya ce in kai yaran Adako Jachie su ga yadda manya ke tirenin. Muka je muka tsaya inda 'yan kallo ke tsayawa. Yaran sun zaci za su ga yanka da salo. Abin da suka gani shi ne manyan mutane sun yi da'ira, biyu a tsakiya suna farautar ƙwallo, taɓi ɗaya ka bayar, taɓi ɗaya ka bayar, ana ta maimaitawa. Abokin ya fara hamma. Namu ya yi shiru yana kallon ƙafar wani ɗan tsakiya. A mota ya ce mini, "Kawu, kafin ƙwallo ta zo masa sai ya waiga." Na ce to, kai ma ka riƙa waigawa.

Ranar gwaji da asuba muka fita, a faragiya, keke mai ƙafa uku, zuwa tasha, daga nan torotoro har bayan gari, sannan tafiyar ƙafa a kan jar hanya. Mun zaci mun yi sammako. Ashe wasu a nan suka kwana. Yara daga Tafo, daga Asawase, daga Obuasi, har da waɗanda motar dare ta sauke daga Tamale da Wa, kowa da 'yar jakarsa. Wasu in ka dube su ka san an yi wa reza aiki da safen nan. Masu koko da ƙosai sun riga kowa kafa tebur. Aka buɗe ƙofa, aka karɓi takardu, aka ba kowane yaro riga mai lamba, mu iyaye aka ce mu tsaya bayan shingen waya.

Da aka ce masu buga gaba su ɗaga hannu, kusan rabin fili ya ɗaga. Masu tsaron baya na hagu kuwa ba su cika hannu ɗaya ba. Yaronmu lamba shida yake bugawa, gaban 'yan baya, aikin da ba a tafa wa. Aka raba su goma sha ɗaya goma sha ɗaya, kowane rukuni minti kaɗan, a busa a fitar a shigo da wasu. Yaron da bai san sunan na kusa da shi ba, kuma ya san minti kaɗan gare shi ya nuna kansa, ba zai ba kowa ƙwallo ba. Haka aka yi ta yi. Kowa ya samu sai ya sunkuyar da kai ya nufi raga, iyaye suna ihu daga bayan waya, "Yanke shi! Buga!"

Ciyawar ma ta ba su mamaki. An ba ta ruwa da safe. A sakora ƙwallo tsalle take yi, yaro ya saba jiran ta ta faɗo ya danne. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa kuwa sulɓi take, ta iso kafin ka shirya. Ƙwallon farko da aka turo wa namu ta bi ta ƙarƙashin ƙafarsa ta fita waje. Gabana ya faɗi. Ta biyu ya tare ta da cikin ƙafa, ya waiga, ya miƙa wa na gefe, ya matsa ya buɗe a sake ba shi, ba a ba shi ba. Ya yi ta haka. Na lura da wani dattijo cikin masu horarwa, zaune a kan kujerar roba da littafi a cinya, bai cika bin ƙwallo da ido ba. Inda ƙwallo ta baro yake kallo: wa ya dawo da gudu bayan an ƙwace, wa ya tsaya ya riƙe ƙugu, wa ya zagi ɗan'uwansa.

Abokin ya ci ƙwallo mai kyau, ya yanke mutum biyu ya buga a kusurwa, bayan waya ya ɗauki sowa. Da la'asar aka tara su aka karanta lambobin da za su dawo zaman mako guda. An kira lambar namu. Ba a kira ta abokin ba. Masu buga gaba sun yi yawa, kuma akwai waɗanda suka fi shi tsawo da gudu. Hanyar dawowa ba wanda ya yi magana, namu ko murmushi ya kasa yi saboda ɗan'uwansa. Ni na san uwar yaron, na san abin da ta sayar ta saya masa takalmi.

Zaman makon ban gan shi da idona ba, iyaye ba sa shiga, sai abin da yaron ya ba ni labari da abin da likitansu ya gaya mana ranar da aka tara mu. An auna tsawo da nauyi, an ɗebi jini an duba sikila da ciwon hanta, an manna musu wayoyi a ƙirji an duba bugun zuciya. Wani uba ya yi ƙorafi wai ɓata lokaci ne, yaro lafiyayye yana gudu kamar barewa. Likitan ya tuna masa Raphael Dwamena, ɗan wasan Black Stars da ya yanke jiki ya faɗi a fili a Albaniya a Nuwamban 2023, yana da shekara 28, saboda zuciya. Mutumin bai ƙara cewa uffan ba. A daren na uku aka sanar da yaran cewa duk wanda ake shakkar shekarunsa za a kai shi hoton wuyan hannu. Yaron ya ce da gari ya waye wasu gadaje ba kowa, har da na wani da ya fi kowa iya ƙwallo a ɗakin.

Da suka ce sun ɗauke shi, unguwa ta ɗauka an gama, mata har da guɗa. A wurina a nan aikin ya fara. Na ce ba na sa hannu sai na ga inda zai kwana da inda zai ci da inda zai yi karatu. Filin ba ya buƙatar dubawa, shi suke nuna wa kowa, shi ne a hotunansu. Na ce a kai ni baya. Ɗakin kwana gadaje ne masu hawa biyu, akwai gidan sauro, fanka ɗaya ba ta juyawa. Na buɗe famfon banɗaki na ga ruwa na zuwa. Na shiga kicin na tarar da mata biyu suna tuƙa banku, na tambayi wanda ke yanka musu nama, suka ce daga mahautan cikin gari ake kawowa, mutanenmu ne. Na tambayi salla. Yaran Musulmi suna da yawa, akwai ɗaki da aka shimfiɗa wa tabarmi, ranar Juma'a mota na kai su masallacin ƙauyen. Azumi fa? Mai kula da su ya ce ana mayar da tirenin ɗin masu azumi zuwa yamma, kicin kuma na tashi da sahur. Na sa yaron ya tambayi waɗanda suka riga shi, ba a gaban malamai ba. Suka ce haka ne, sai dai sahur ɗin shayi da burodi ne.

Karatu shi ne inda na fi tsayawa. Kowa yana kawo misalin Right to Dream, wadda Tom Vernon ya kafa a 1999, ta kuma yi shekaru a Old Akrade a bakin kogin Volta. Daga can Kudus ya tafi Nordsjaelland ta Denmark a 2018, ya wuce Ajax a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Amma ita tana da azuzuwanta a ciki, kuma yaranta da dama ba ƙwallo ce ta fitar da su ba, karatu ne ya kai su makarantun Amurka da Ingila. Yawancin wuraren da ke kiran kansu akadami ba su da wannan ƙarfin. Wannan da muka je, yaran suna tirenin da sassafe, su yi wanka, mota ta kai su wata makarantar gwamnati da ke kusa, su dawo tirenin na yamma. Na je makarantar da ƙafata, ban gaya wa kowa ba. Na samu malamar ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Ta ce yaran ƙwallo ba su da rashin kunya, illarsu barci a darasin farko. Na karɓi lambarta. Ita ce ke gaya mini gaskiyar yaron har ya rubuta BECE, ba ofishin ƙungiya ba.

Sai takarda. A Magazin ba ma sayen mota don fenti, lambar inji muke dubawa mu ga ko ta yi daidai da abin da ke rubuce. Na ce a ba ni takardun in tafi da su gida. Sakataren ya ɗan yi jim, ya ce yawanci a nan ake sa hannu. Na ce ni a gida nake karatu. Ya ba ni. Akwai wani lauya da muke salla tare a babban masallaci, na kai masa bayan Juma'a, ya zauna a cikin motarsa ya bi su layi layi da biro.

Abu biyu ya ja wa layi. Na farko, ba a faɗi abin da zai faru ba in sun sallami yaron. Irin waɗannan wurare duk ƙarshen shekara suna rage yara, wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take. Amma in an sallame shi katinsa na rajistar ɗan wasa yana hannunsu, ba zai iya buga wa kowa ba sai sun sake shi, wasu kuma a nan suke cewa a biya kuɗin abinci da na makaranta. Lauyan ya rubuta a gefe: in ƙungiya ce ta sallame shi, za ta saki katinsa kyauta, babu bashi a kan iyaye. Na biyu, tsawon yarjejeniya. Dokar FIFA ba ta yarda wanda bai kai 18 ba ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru da ya wuce shekara uku, don haka ya ce kada in yarda da duk wani layi da ke ɗaure yaron har bayan nan ta bayan gida. Na mayar musu. Suka yi 'yan kwanaki, suka kira suka ce sun yarda da gyaran.

Ana cikin haka mai waya biyu ya sake ɓullowa, wannan karon gidan ƙanwata ya je da buhun shinkafa. Ya kawo tasa takardar, wai shi ne zai zama wakilin yaron, yana da hanyar gwaji a Turkiyya, a haɗa kuɗin biza da na jirgi kawai. Dokar a fili take: ba a sayar da yaro zuwa wata ƙasa sai ya cika 18, in ban da 'yan hanyoyi ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba. Kudus da kansa sai da ya cika 18 ya fara buga wa Nordsjaelland wasa. Duk wanda ya ce zai fitar da ɗan shekara 14, ko dai ƙarya zai yi a takarda, ko kuma zai ajiye shi a wani ɗaki a ƙasar da ba ya jin yarenta. Ƙanwata ta sa aka mayar masa da shinkafarsa a kan babur.

Zaman da ya fi tsawo shi ne na Koc da mutanen ƙungiya, kuma a nan na tsaya a bayansa da ƙarfina. Da farko na zaci rigimar jesi da ƙwallaye ce. Ashe ta fi haka. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun farko, 12 zuwa 15, kowace tana da rubu'in kashi ɗaya cikin 100, na baya kuma rabin kashi ɗaya. Wato in an sayar da shi Yuro miliyan ɗaya, shekara biyun da ya yi a hannun Koc bayan ya cika 12 sun kai Yuro 5,000. A wurin tela mai sayen ruwan leda da kuɗin aljihunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma sai in sunan yaron yana cikin rajistar hukumar ƙwallo a ƙarƙashin ƙungiyarsa a waɗannan shekaru. In ba a rubuta ba, ko duk Aboabo ta rantse, ba a biya. Koc ya yi wa yaransa rajista a gasar yara ta gunduma, katin yana nan da hoto. Abin da muka nema shi ne a yi canjin a bisa ƙa'ida, daga ƙungiyarsa zuwa tasu, kada a buɗe wa yaron sabuwar rajista kamar daga sama ya faɗo.

Wani daga cikinsu ya ce sabuwar rajista ta fi sauri. Koc ya gyara hularsa ya ce, "Alhaji, shekara shida ina wanke masa ciwo da ruwan gishiri. Ba zan ƙi jiran wata ɗaya ba." Shugaban ya yi dariya ya ce a bi ta hanyar Koc. Aka ƙara masa da jesi kala biyu da ƙwallaye, da wani ɗan kaso a rubuce in su suka sayar da yaron nan gaba. Uwar ta dangwala yatsa, na sa hannu a matsayin shaida, uban ya ba da yardarsa ta waya daga Tema, lauyan ya ce in ya dawo ya zo ya sa nasa hannun, ya kuwa zo.

Yanzu yaron yana can. Ya rubuta BECE, sakamakon bai yi kyau sosai ba amma ya wuce, an samar masa babbar sakandare ta jeka-ka-dawo kusa da su. Wasanninsu a filin tirenin suke yi da safiyar Asabar, 'yan kallo ba su wuce iyaye da masu sayar da ruwa ba. A rukunin da aka ɗauka tare da shi an riga an sallami wasu. An mayar da shi baya na tsakiya, ba ya so, na ce ya yi haƙuri ya buga inda aka sa shi. Duk wata nakan kai masa gari da shito da sukari, in biya wajen malamansa kafin in shiga wajen masu ƙwallo.

Abokin nasa yana shagona da safe yana koyon sunayen kaya, da la'asar ya koma sakora wajen Koc. Makon jiya uwarsa ta aiko, wai mai waya biyu ya je mata da maganar Dubai, har ya faɗi kuɗin da za ta nemo. Na aika masa cewa ya zo da lasisinsa na wakilci da takardar gayyata mai hatimin ƙungiyar da yake faɗa, mu zauna a shagon Koc ranar Lahadi bayan azahar. Na gaya wa lauya, ya ce zai biyo.